Jan Layi a Maganar Kaka Hadi

Umbadda, Omdurman
Yuni 2013

Zuwa ga 'yata kuma malamata Talatu,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Jatau da yara da mahaifiyarki Yaya Kande. Yaya ƙafar tata? Mu nan lafiya lau, sai zafi. Gwaggonki Awadiyya, matata, tana gaishe ku.

Kafin komai ki duba wasiƙar nan da kyau. Ni na buga ta da yatsana a kwamfutar ɗana Hamid, ni da ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini. Hamid ya samo mini wata manhaja mai duba rubutun Hausa wajen wani mai shago a kasuwar Suk Libya. In mutum ya yi kuskure sai ta ja masa jan layi. Na bi da wasiƙar nan ta cikinta, ba jan layi ko ɗaya. Don haka duk abin da kuka gani a nan, haka nake nufinsa.

To, albishirinku! Hamid ya samu karuwa. Mace ce, ja, mai gashi kamar na Larabawa. Tun da ta shigo gidan nan bai taka wajen aikinsa a Bahri ba, ya sa ta gaba yana kallo. Ni ma kaina, da tsufana, na kasa ɗauke ido. Matan unguwa sai tururuwa suke yi. Matarsa Mawahib ta sha wuya, har yanzu abinci ba ya ciyuwa gare ta, amma muna ba ta haƙuri.

Wannan ce jikata ta fari, kuma saboda ita na ɗaura niyya. Kin san yaranmu na nan, in sun fara magana da Hausa, kafin su kai ƙarshe sun koma Larabci. Zan rubuta mata labarin kakana Hadi: yadda ya baro Wurno da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya noman auduga a Jazira don neman guzuri, har ƙasa ta rufe shi a can. Na ji shi daga bakinsa ina yaro. Da bokon da kika koya mana a ajin yamma, lokacin da kike karatu a Khartoum, da shi zan rubuta.

Abu ɗaya ya gagare ni. Kaka Hadi bai taɓa faɗin yadda suka rabu da wansa Ibrahim, kakan Yaya Kande, ba. In an tambaye shi sai ya tashi ya ɗauki buta. Duk duniya ba wanda ya rage ya san wannan sai mahaifiyarki. Ki roƙar mini ita. Littafin ba shi da farko sai ta ba shi.

Kawunki,
Ƙasimu

*

Umbadda
Agusta 2013

'Yata Talatu,

Bayan gaisuwa da barka da salla. Muna lafiya, sai dai ruwan bana ya rushe mana katangar baya, ya cinye gidaje da yawa a unguwar Dar Salam. Allah ya tsare rayuka a gidanmu.

Talatu, lafiya? An yi suna, azumi ya zo ya wuce, ko barka ban ji daga Sakkwato ba. Na kira tsohuwar lambarki, a kashe take. Awadiyya ta ce wataƙila saƙon bai isa ba. Hamid ya ce ya isa, har an buɗe shi.

Yarinya ta ci sunan mahaifiyarki. Na san sunan yanka na Yaya Kande Hadiza ne, to mu nan Khadiga muke cewa, shi aka raɗa mata. Ta fara murmushi, kuma ni take yi wa, ko da yake uwarta ta ce iska ce a cikinta.

In na yi wani laifi, a faɗa mini shi. Rubutu dai ina nan ina yi, na kai inda suka haye Cadi.

Ƙasimu

*

Sakkwato
Satumba 2013

Kawu,

Amin wa alaikumus salam. Muna lafiya, ƙafar Inna da sauƙi. Allah ya raya Khadiga, ya mayar da abin da ruwa ya ci. Ka yi mini afuwa. An tura ni aikin duba jarrabawa a wani gari, wayata kuma ta faɗa ruwa. Sai da na dawo na tarar da abin da ya faru.

Malam Jatau ne ya buga wasiƙarka a takarda ya karanta wa Inna. Kawu, koma ka duba layin albishir. Ƙugiyar ƙ ta faɗi. Ka so ka ce ƙaruwa, ka rubuta karuwa. Shi kuma ya karanta yadda ya gani. Da ya kai inda ka ce kai ma ka kasa ɗauke ido, Inna ta dafa bango ta miƙe.

"Mi yac ce? Cikin gidan Ƙasimu? Kuma shina murna?"

Malam ya bi ta yana cewa kuskure ne, haihuwa aka yi, ta tsaya ta ji sauran. Ta ce, "Kai kab biya man, shi da kainai ya ce babu kuskure ko guda." Kafin la'asar ta kai kukanta gida uku. Da gaskiya ta fito, kunyar matan da ta kai wa kukan ta juye ta zama fushi da kai. Malam ya rasa abin da zai rubuta maka, ya jira ni. Ni kam na yi dariya har na ƙware, ka gafarce ni.

Maganar suna ta sanyaya mata rai, ta aiko wa takwararta da zane. Amma batun littafi ta kafe. Ta ce ba za ta ba ƙarfe labarin kakanta ba, ya juya shi yadda ya juya wancan. Sai ta ji da kunnenta cewa abin da ke takardar maganar gidanmu ce, sannan ta buɗe baki.

Na ba Alhaji Ɗahiru, mai kai turare tsakanin Kano da Omdurman, zanen da wani faifai. Manhaja ce da muke amfani da ita a makaranta, kan daidaitacciyar Hausa aka gina ta, ba ta bukatar intanet. Sai dai ka sani, ita ma ba za ta kama wancan kuskure ba, don duka biyun kalmomi ne. Manhaja harafi take gani, ba ta san nufi ba.

Ko kuma, Kawu, ka huta. Aiko mini da littafin gaba ɗaya in gyara maka shi. Aikina ne.

'Yarka,
Talatu

*

Umbadda
Oktoba 2013

Malama 'yata,

Gaisuwa da fatan an yi babbar salla lafiya. Mu lafiya. An yi kwanakin hayaniya a gari kan tsadar mai, har aka yanke intanet, muka zauna cikin gida. Shi ya jinkirta amsata. Saƙon Alhaji Ɗahiru ya iso, Khadiga tana cikin zanen takwararta yanzu haka.

Da na karanta wasiƙarki na je na buɗe tawa, na ga kalmar tana kallona. Ban faɗa wa kowa ba. Awadiyya ce ta lura ban taɓa abincina na kisira ba, ta matsa, na faɗa mata. Ta ajiye tire ta riƙe ciki.

"Ya salam! Kai da kake cewa ƙarfen ya fi limami sani!"

"Ban ce ya fi limami ba."

"Ka ce. Har ka hana ni goge masa ƙura, wai kada in ɓata masa karatu."

Mawahib ba ta gane ba sai da aka fassara mata, daga nan ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki. Hamid kuwa har yau in ya ɗauki 'yarsa sai ya dube ni ya yi tari.

Na gode da tayinki, amma ba zan aiko ba. Ba raini ba ne. Na yi rabin rayuwata ina kai takarda wajen wani ya karanta mini, ina kai bakina wajen wani ya rubuta mini. Abin da ya zaunar da ni a bencin yara da yamma bayan na tashi daga masana'anta ke nan. Ina so in Khadiga ta girma ta tambayi wa ya rubuta, wa ya duba, a ce mata kakanta ne duka.

Don haka na zauna na gwada su kamar yadda ake gwada keken ɗinki kafin a saya. Uku ne a hannuna.

Ta Suk Libya na fara kamawa. Na rubuta mata ƙofa, ta yarda. Na rubuta kofa, ta yarda. Na rubuta ɗaki da daki, duk ta yi shiru. Ashe ita a wajenta ƙugiya ado ce, ba ta ganin ta sam. Na sa Hamid ya cire ta.

Ta biyu Mawahib ce ta gano ta a intanet. Da farko ta ƙi buɗuwa, ta ce ba a yarda ƙasarmu ta shiga ba saboda takunkumi. Hamid ya bi ta bayan gida ya buɗe ta. Tana da sauri, kuma ta san ƙugiya. Amma ba ta da ladabi: ina rubutu tana canza mini kalma ba tare da ta tambaye ni ba. Na rubuta Umbadda, na ɗaga kai na ga Ambaliya. Awadiyya ta ce bana dai ba ta yi ƙarya ba. Ga shi kuma ranar da aka yanke intanet ta mutu tare da shi. Na sallame ta.

Ta ukun ita ce taki. Wannan malama ce mai tsanani. Da na buɗe mata babin Cadi, shafi ya yi ja kamar mahauta. Ta kama mini ƙugiyoyin da suka faɗi, da inda na haɗe "ba ni" inda ya kamata in raba, da inda na ce mace "ya" tafi, wanda Larabci da gaggawa suka jawo mini. Duk wannan na gode mata. Sauran jan kuwa a kan maganar Kaka Hadi yake, da kalmominmu na nan.

Bayan abin da ya faru, hannuna ya ji tsoro. Akwai wani maɓalli da aka rubuta wa "gyara duka", na danna shi. Ja ya ɓace tas. Ga babin nan na haɗo, wankakke. Ki karanta wa Yaya Kande, ki ce mata wannan karon ba abin kunya a ciki.

Kawunki,
Ƙasimu

*

Sakkwato
Nuwamba 2013

Kawu,

Muna lafiya, sai Inna da mura ta kwantar, ta tashi amma ta rame. Ina faɗa maka ne don ka san jikin nata ba kamar da ba.

Na karanta mata babin bayan ta ci abinci, lokacin da ta fi sakewa. Gaskiya babu kuskure a ciki, da ɗalibina ne da ya ci maki duka. Ta saurara har inda Kaka Hadi yake cewa, "Da muka kai bakin ruwa, ƙafafunmu sun fashe, yaran kuma suna kuka." Sai ta ɗaga mini hannu.

"Wane na wanga?"

Na ce, "Kaka Hadi ne, Inna."

Ta ce, "Hadi na Wurno? Wanga dai mai labarun rediyo na. Kashe shi."

Ta juya ta fuskanci bango.

Kawu, na yi tunani a kai. Ka tuna a aji, in ka yi magana nakan ce Sakkwatancinka ya fi na mutanen Sakkwato tsufa? Ina jin abin da maɓallin nan ya share ke nan. Laifina ne ban gargaɗe ka a kansa ba, mu a makaranta abin da muke so ke nan, shi ya sa ban tuna ba.

Shawarata ita ce ka raba aikin biyu. Inda kai kake ba da labari, bi daidaitacciyar Hausa, don duk inda littafin ya je a karanta shi. Inda tsofaffi suke magana, rubuta yadda kunnenka ya ji. In ka danna jan layi za ka ga zaɓi uku: gyara, ƙyale, koya mata. Kalmar da ka koya mata ba za ta sake ja mata layi ba.

Ina fata kana da babin na asali. In babu, kada ka ɓoye mini.

'Yarka,
Talatu

*

Umbadda
Disamba 2013

'Yata Talatu,

Allah ya ƙara wa Yaya Kande sauƙi. Mu lafiya. Khadiga ta fara zama in an kare ta da matashi, ta kuma gano gemuna.

Babu na asali. Na adana wankakken a kansa. Hamid ya nema har ya gaji, ya ce, "Yaba, khalas, shi ke nan, ya tafi." Na ce masa abin da ya tafi na kwamfuta ne, mai maganar yana cikin kaina tun ina ɗaukar masa buta a bakin gonar auduga.

Na sake rubuta shi. Kullum da safe kafin a ɗauke wuta nakan zauna, in rufe ido, in bar tsohon ya yi magana, sannan in buga. Ga layin da ta ce a kashe, yadda ya faɗe shi: "Da munka kai bakin ruwa, ƙahwahunmu sun hwashe, ɗiya na ta kuka, ni kau ban san inda gabas taƙ ƙare ba." Rabin ƙarshen nan ma na manta da shi a rubutun farko, sai yanzu ya dawo.

Na tsayar da shawara, manhajar taki zan riƙe. Ba don ta fi sauran sani ba, don ita kaɗai ce take tambaya kafin ta taɓa, kuma tana karɓar koyarwa. Maɓallin nan na "gyara duka" ban san yadda ake cire shi ba, sai na manna ɗan filasta a kan gilashin daidai inda yake fitowa. Mawahib ta ce kwamfutar ta ji ciwo.

Yanzu jan layi ɗaya-ɗaya nake bi. In nawa ne, in gyara, kuma yawanci nawa ne, ba na musu da ita. In na Kaka ne, in ƙyale. Kalmominmu na nan kuma na koya mata su: kisira, da habboba da muke ce wa kaka mace, da kambo, wato zangon 'yan ƙwadago inda aka haife ni, har da sunan Khadiga, wanda ta dage sai ta mayar Hadiza. Duk inda irinsu suka fara fitowa na sa 'yar fassara a gefe saboda ku.

Da ja ya ƙare, sai in ɗauki shafin in karanta wa Awadiyya da ƙarfi tana gasa bunnin jabana, wato 'ya'yan gahawa, harafi-harafi, abin da ke takarda ba abin da ke raina ba. Ita ba ta karatu, amma ta zauna da Kaka Hadi a farkon aurenmu. Jiya na karanta mata cewa Kaka ya "kasa" gero a kasuwar Sinnar. Ta ce, "Ya kasa ko ya kasa? Wanne?" Muka tsaya, don rubutun ɗaya ne, manhaja ba ta ce uffan ba. Tsibi-tsibi ya yi da shi don sayarwa, ba gazawa ya yi ba. Na sake jimlar yadda ba mai tuntuɓe.

Aikin yana cin lokaci, na sani, kuma na ji abin da kika ce game da jikinta. Shi ya sa ban jira na gama duka ba. Ga babin Cadi kaɗai. Akwai mai ɗab'i a kasuwar Suk Omdurman da ya yarda zai buga mini, in na kawo masa bayanin abin da ke ciki da Larabci saboda jami'ai masu leƙowa su tambaya. Na ce masa ya saurara, littafina ba shi da kai tukuna.

Ki karanta mata a hankali. In ta sake cewa a kashe, ki tambayar mini ita a wace kalma, zan koma in gyara. In ya kai sau goma, zan yi.

Kawunki,
Ƙasimu

*

Sakkwato
Janairu 2014

Kawu,

Lafiya lau muke, Inna tana fitowa tsakar gida ta sha hantsi. Ina sauri ne, Alhaji Ɗahiru gobe zai tashi.

Na karanta mata. Ta fara saurare da baya, fuskarta na bango. Da na kai "ban san inda gabas taƙ ƙare ba", ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta juyo ta ce haka kakanta Ibrahim yake cin ƙarshen magana, kamar an ƙwace masa. Ta bari na kai ƙarshen babi. Gyara ɗaya ta yi maka: ta ce jakin da ka ambata ba na Hadi ba ne, aro ne, kuma a rubuta haka.

Daga nan ta ce in ɗauko alƙalami. Muka yi har azahar, shafi ya cika ya koma wani. Da hannu na rubuta, yadda ya fito daga bakinta, ban taɓa ko wasali ba. Kai za ka buga, kai za ka duba. Takardun suna cikin ambulan wajen Alhaji, amma na kasa haƙuri, ga farkonsu:

"Rubuta ma Ƙasimu. Ba hwaɗa sunka yi ba. Su biyu sunka ɗaure kaya, su biyu sunka hita. Da sunka kai bakin gulbi, Ibrahim yaw waiwaya yag ga uwassu ta biyo su da sanda, ba ta kira kowa ba, tahiya kawai takai. Yac ce ma Hadi, ɗayanmu ya koma. Hadi yad duƙe kai. Ibrahim yas sauke kayanai yab ba shi guzurin duka. Gonar Hadi kau bai sai da ta ba, bai ba ɗiyanai ba. Shekara duk shina noma ta, shi zuba hatsin rumbu daban, in damana ta kewayo shi bayar sadaka da sunanai. Har yanzu in ka je Wurno kat tambayi gonar Hadi, za a nuna maka."

Ta ce in tambaye ka, a littafin naka akwai wurin da za a sa wannan, ko ya cika?

'Yarka,
Talatu